Famfon dizal ya mutu bayan garanti ya ƙare: yadda muka biya gyara sau biyu

Motar ta tsaya ne wata ranar Talata cikin watan Agusta, a hanyar Haɗeja, an ɗan wuce Gezawa, da buhunan taki goma sha biyu a bayanta. Direba ya ce ya taka totur zai wuce wata tirela, sai ya ji kamar an riƙe motar ta baya. Fitilar injin ta kama, motar ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ya gangara gefen titi da sauran gudunta.

Fika ce mai ƙofa huɗu, mai amfani da dizal, wanda mu a Kano muke ce wa gas. Kawuna ya saye ta sabuwa a leda domin kai kaya kasuwannin ƙauye, ni kuma nake riƙe masa littafin kuɗi, don haka duk kwabon da aka kashe a kanta ta hannuna ya bi. Garantinta shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ranar da ta tsaya ta wuce shekarun da wata bakwai, kilomita kuma ta haura da nisa.

Ba rana ɗaya ciwon ya zo ba, mu ne ba mu saurara ba. Kusan wata guda kafin nan, in ta yi zafi aka kashe ta, sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi. Direba ya ce batir ne, aka sayi batir. A kan hawa tana rage ƙarfi, ya ce lodi ne ya yi yawa. Akwai kuma wata 'yar fitila a gaban direba mai hoton filta da ɗigon ruwa, wadda ta riƙa kamawa tun farkon damina. Wani makanike na bakin hanya ya ce na'urar ce ta samu matsala, ya zare mata soket, fitila ta mutu, hankalin kowa ya kwanta. Wannan sai daga baya na ji shi.

Wanda direba ya samo a Gezawa ya yi abin da ya saba yi wa tsofaffin injina. Ya danna famfon hannu da ke kan filta har ya gaji, ya sassauta bututun injekta, wato abin da ke fesa mai cikin injin, wai zai fitar da iska, ya fesa fetur a hancin iska, ya sa aka yi ta murza makulli har sabon batir ya kwanta. Babu ɗaya daga ciki da ya taimaka, kuma biyu daga ciki haɗari ne. Ba a kwance bututun injin irin wannan ana murza shi, domin man da ke fita a wannan matsin yana iya huda fatar mutum. Kowane murzawa kuma ƙara tura ɓarna yake cikin injekta. Da magariba aka samo janwe.

Washegari muka kai ta garejin dilan da aka saye ta. Kawu ya tafi da fatan za a duba tsohuwar hulɗa. Suka jona kwamfuta, ta nuna lambar P0087, wato matsin mai a cikin rel, bututun da ke tara mai kafin a fesa shi, ya yi ƙasa da yadda ake bukata. Bayan kwana biyu suka ba mu takarda: sabon babban famfo, injekta huɗu, rel, bututan ƙarfe, filta, wankin tanki, kuɗin aiki. Jimillar ta kusa kashi ɗaya bisa uku na abin da za a sayi motar a kasuwa a lokacin.

Kawu ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Yanzu saboda wata bakwai kacal za ku yi min haka?"

Jami'in ya ce, "Ranka ya daɗe, ko da jiya ka saye ta, garanti ba ya ɗaukar wannan. Mun samu ruwa a cikin man. Garanti na kuskuren ƙira ne, ba na abin da aka zuba a tanki ba."

Na ji haushin maganar a lokacin, amma da na koma gida na buɗe littafin garantin, haka abin yake a rubuce. Na kuma tambayi ko akwai rangwamen da kamfanoni kan yi wa wanda garantinsa bai daɗe da ƙarewa ba. Ya ce akan nema, amma abu na farko da za a tambaya shi ne tarihin sabis, mu kuwa tun sabis na biyu ba mu sake taka ƙofarsu ba. Littafin sabis ɗinmu fari fat. Nan maganar ta mutu.

Daga nan muka yi kuskuren da ya sa nake rubuta wannan. Kawu ya ce famfo aka ce ya lalace, famfo za a saya, sauran duk neman kuɗi ne. Ni ma na goyi baya, don ni nake ganin abin da ya rage a asusu. Muka shiga Ƙofar Ruwa muka samo famfo ɗan Beljiyam, an wanke shi yana ƙyalli, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Mai shagon ya ba da garantin kwana bakwai. Makanikenmu na unguwa ya ɗaura, ya sa sabuwar filta, bai sauke tanki ba don ya ce man da ke ciki ya kusa ƙarewa. Mota ta tashi. Kawu ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Da mun biye musu!"

Ranar kwana na goma sha ɗaya ta sake mutuwa, wannan karon a cikin gari, kusa da Dawanau. An sayar da kare an sayi biri.

Wani direban tirela abokin Kawu ne ya tura mu wurin wani dattijo mai kalibireshan, wanda ba ya taɓa komai a mota sai famfo da injekta. Shagonsa ya bambanta da garejin da na sani. Ɗakin ciki a rufe yake da gilashi, ƙasa a share, yaransa ba sa shiga da takalmi. Bai tambaye mu abin da kwamfuta ta ce ba. Ya ce a kawo masa tsohon famfon da aka cire, da filtar da ke kan motar, da man da ke ƙasan tanki a cikin gorar roba mai haske.

Ya fara da gorar. Ya ajiye ta a kan benci ya ce mu sha shayi. Kafin mu gama, man ya rabu gida biyu: dizal a sama, a ƙasa kuma ruwa mai launin ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, a tsakaninsu wani baƙin abu mai yauƙi. Ya ce wannan baƙin ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da mai, kuma ganinsu na nufin ruwan ya daɗe a wurin, ba na shan mai ɗaya ba ne.

Sai ya ɗauki tsohon famfon ya kwance wani ɗan bawul da ke jikinsa, wanda shi ke auna yawan man da zai shiga a matsa. Ya goga shi a farin ƙyalle ya miƙo min ya ce in fita rana in duba. Ƙyallen yana walƙiya da wani gari mai laushi kamar kwalli. Ya ɗora maganaɗisu, garin ya miƙe tsaye.

"Ɗana, wannan famfon ne yake cin kansa. Da wanda ya fara taɓa motar ya kwance wannan bawul ɗin, aikin minti goma, da kun san cewa ba famfo kaɗai za ku saya ba."

Abin da ya bayyana mana a tsaye a wurin, da abin da na ƙara fahimta bayan haka, shi ne wannan. Injinan dizal na yanzu, waɗanda ake kira komon-rel, ba kamar na da ba ne. Kamfanin Denso ya fara sa tsarin a manyan motocin Hino a Japan a 1995, kamfanin Bosch kuma ya kawo shi ƙananan motoci a 1997. Babban famfo yana matse mai ya tara shi a wani bututun ƙarfe mai kauri, shi ne rel, daga nan kwamfuta take buɗe kowace injekta ta fesa a lokacin da ya dace. Matsin da ke cikin rel kan kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali iskar tayar mota ba ta wuce 2 zuwa 3 ba. Don famfo ya iya wannan aiki, tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikinsa 'yan maikiron ce, gashin kai kuwa kaurinsa kusan maikiron 70 ne. Kuma babu baƙin mai a cikinsa. Dizal ɗin da yake turawa shi ne man shafawarsa. In ruwa ya shiga, ko aka gauraya da kananzir ko fetur, santsin ya tafi, ƙarfe ya fara gugar ƙarfe. Ruwa kuma yana barin tsatsa in mota ta kwana.

Inda abin ya fi muni shi ne inda garin ƙarfen yake zuwa. Mai ta filta yake fara bi kafin ya shiga famfo, babu wata filtar bayan ya fito. Duk abin da famfo ya niƙa daga jikinsa, kai tsaye yake wucewa rel da injekta, waɗanda hudojin bakinsu ba su fi kaurin gashi biyu ba. Sauran kuma ya bi bututun komawa ya zube a tanki, ya jira zagaye na gaba. Da dattijon ya sa aka sauke tankinmu, yaron da ya zura hannu ya fito da tafinsa yana ƙyalli. A cikin wannan muka ɗaura famfo na biyu.

Da filta ta ƙwarai ce a kai, da wataƙila ta tare mafi yawansa. Nan kuma laifin nawa ne. Dattijon ya sa zarto ya yanke gwangwanin filtar, ya warware takardar ciki a kan benci. Siririya ce kamar takardar tsire, ninkinta bai kai rabin na ta asali ba, gam ɗin ƙasa ya saki har mai na iya bi ta gefe ba tare da ya ratsa takardar ba. Injin irin wannan yana bukatar filtar da ke tare datti mai girman maikiron 2 zuwa 5. Kwalinta iri ɗaya da na ta asali, har da tambari. Ni nake saye, shekara biyu, kuma ina rubutawa a littafi ina jin daɗin na yi wa Kawu tattali.

Kawu dai gidan mai yake zargi. Ya ce zai je ya ɗaga musu hankali, har yana maganar kai ƙara hukumar NMDPRA da ke kula da ingancin mai. Hanya ce da ke akwai, amma tana bukatar shaida: rasit, da samfurin man, da tabbacin cewa daga can ya fito. Da na zaunar da direba muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi a wata ukun damina sau huɗu kawai ya sha mai a gidan mai. Sau biyu ya saya a jarka wurin 'yan bumburutu a hanya. Sauran duk daga duro ne, duronmu na sito, wanda muke ajiye gas ɗin janareta. Na je na duba shi. Yana tsaye a bayan sito, a ƙarƙashin bakin kwano inda ruwan sama ke zuba, ruwa ya taru a samansa, murfin kuma babu roba. Duro in ya yi zafi da rana ya huce da dare, yana zuƙar abin da ke kan murfinsa. Bututun da ake zuƙar man kuma har ƙasa yake kaiwa. Tsohon janaretanmu yana shan wannan man yana aiki abinsa, shi ya sa babu wanda ya yi zargi. Da na gaya wa Kawu, ya yi shiru, can ya ce a bar maganar gidan mai.

Ba kullum ne laifin yake a wurin mai mota ba, kuma ya kamata a faɗi wannan. A Amurka an daɗe ana rigima a kan famfon Bosch mai suna CP4, wanda aka sa a motocin Volkswagen masu dizal daga 2009, da manyan fika na Ford daga 2011, da na GM daga 2011 zuwa 2016. Masu motoci sun kai ƙara kotu suna cewa famfon bai dace da dizal ɗin ƙasar ba, wanda tun 2006 aka rage masa sulfa zuwa kashi 15 cikin miliyan, kuma ƙa'idar santsinsa ta fi ta Turai sassauci. Kamfanonin kuma sukan ce gurɓataccen mai ne. A 2021 aka yi kiranyen fika ƙirar Ram sama da 200,000 na 2019 da 2020 don a canza musu famfo kyauta. Kiranye irin wannan bai damu da ko garanti ya ƙare ba. Wanda motarsa 'yar Amurka ce yana iya sa lambar jikinta a shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da lafiyar motoci a hanya, ya ga ko tana ciki, ko da samun gyaran daga nan wani aiki ne daban. Na tambayi dattijon ko irin famfonmu yana da wannan suna. Ya ce a'a, irinsa yana kaiwa kilomita dubu ɗari uku in an ba shi mai mai tsabta.

Yanzu sai shawara, kuma a nan ne wanda ba shi da garanti yake da 'yancin da mai garanti ba shi da shi: yana iya zaɓar abin da zai canza. Dila yana canza komai ne don kada mota ta dawo masa, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Amma ba dole ne komai ya mutu ba, gwaji ne zai nuna.

Dattijon ya ɗora injekta huɗun a kan injin gwaji. Yana auna abu biyu: yawan man da kowace ke fesawa a matsi daban-daban, da yawan wanda take mayarwa ta bututun baya. Ina tsaye ina kallon kwalaben awo huɗu a jere. Ta ɗaya da ta uku suka cika kafin sauran su kai rabi. Ya ce waɗannan bawul ɗin cikinsu ya cinye, suna zubar da matsi, kuma su ne suka sa mota ƙin tashi in ta yi zafi, domin mai in ya yi zafi yana ƙara tsinkewa ya fi saurin zurarewa. Ko sabon famfo aka sa, ba zai iya cika rel mai ɓuli biyu ba. Ta biyu da ta huɗu ya kwance su ya wanke a na'ura, ya sake gwadawa, suka tsaya cikin ƙa'ida.

"Alhaji, gaskiya zan gaya maka. Waɗannan biyun yau lafiyarsu lau, amma garin ƙarfe ya bi ta cikinsu. Ba zan yi maka rantsuwa a kansu ba. In kuɗi ya isa, sayi huɗu."

Kuɗi bai isa ba. Muka sayi biyu.

A kan rel bai ba mu zaɓi ba. Ya ce yana da lunguna da ba a iya tabbatar da an wanke su, ga na'urar awon matsi da bawul ɗin kariya a jikinsa, don haka sabo za a sa. Bututan ƙarfe ma haka, domin bakinsu yana lanƙwasa ya zauna sau ɗaya ne idan aka ɗaure. Famfon Beljiyam da ya buɗe, ciki ya karce, kuma ya nuna mana tsatsar da ta girmi kwana goma sha ɗaya, wato tun kafin ya zo hannunmu ba lafiyayye ba ne. Mai shagon da muka koma masa ya ƙirga mana kwanaki a yatsa, ya ce bakwai ya ce. Sabon famfo muka saya a wurin wakilin kayan injekta, da rasit da lambar jikinsa a rubuce. Aka wanke tanki aka shanya, aka hure bututan roba, aka sa filta ta asali, aka mayar da soket ɗin fitilar ruwa. Daga ƙarshe ya jona kwamfuta ya shigar da lambobin da ke rubuce a kan sabbin injektocin, don kowace tana da nata gyaran awo, kuma in ba a shigar ba injin yana ƙwanƙwasa ya yi hayaƙi. Makanikenmu na unguwa da ke tsaye a wurin ya ce bai taɓa jin wannan ba.

Lissafin da na yi a ƙarshen wata bai yi min daɗi ba. Aikin dattijon gaba ɗaya ya tsaya a kusan kashi biyu bisa uku na takardar dila. Da shi muka fara, da mun yi riba sosai. Amma da na haɗa da famfon Beljiyam, da kuɗin ɗaura shi, da janwe sau biyu, da batir ɗin da aka saya ba gaira ba dalili, da hayar mota na sati biyar a tsakiyar lokacin taki, sai ga shi bambancinmu da kuɗin dila bai taka kara ya karya ba. Kuma da dila ya yi, da injekta huɗu sabbi ne a ciki.

Wata biyar bayan haka injekta ta huɗu ta fara mayar da mai. Wannan karon direba ya kira ni tun ranar farko da ya ji motar ta yi nauyin tashi, aka gwada, aka canza ta ita kaɗai, babu garin ƙarfe a ko'ina. Ta biyu har yanzu tana aiki. Har yau ni da Kawu ba mu daidaita ba a kan ko sayen biyu dabara ce ko caca. Shi yana cewa mun jinkirta biyan kuɗin ɗaya mun kuma tsira da ɗaya. Ni ina tuna cewa injekta in ta maƙale a buɗe tana iya narkar da fistan, kuma da hakan ta faru, da maganar injin gaba ɗaya muke yi.

Duron yana cikin sito yanzu, a kwance a kan katako, na janareta ne kawai. Direba yana kawo rasit na kowane shan mai, in babu rasit ba na biya. Duk ranar Juma'a da safe yana kwance ɗan murfin da ke ƙasan filta ya tsiyaye kaɗan a gorar roba ya ajiye min a kan tebur. A rani gorar takan zauna tas. Da ruwan farko ya sauka bana, na ga ɗigo uku a ƙasanta, na kira shi na tambaye shi a ina ya sha mai ranar Laraba.